BABI NA UKU: KALMAR "RUN" TA INGILISHI DA MA'ANONINTA A MA'AUNIN HAUSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a ɗauki kalma ɗaya tak daga Ingilishi, wato "run", a bi diddiginta, a ga irin wuraren da take shiga da kuma abin da Bahaushe kan faɗa a madadinta. Dalilin zaɓen wannan kalma shi ne, tana cikin kalmomin da ɗan firamare kan fara haddacewa. Malami kan rubuta ta a allo, ya rubuta "gudu" a gabanta, yara su maimaita, shi ke nan an wuce wurin. Wannan fassara ba kuskure ba ce, sai dai ita ce kan zame wa ɗalibi tarko har girmansa, domin duk inda ya ci karo da kalmar, gudu ne zai fara faɗo masa a rai. Idan kuwa ɗalibin nan ya zama mai fassara labarai a gidan rediyo, ko tafinta a kotu ko a asibiti, to tarkon ba shi kaɗai zai kama ba, har da duk wanda ya dogara da bakinsa.

3.1 Yawan Ma'anoninta a Ƙamus

Babban ƙamusun Ingilishi da ake ji da shi, wato Oxford English Dictionary, an kammala bugunsa na farko a shekarar 1928, aka fitar da na biyu a 1989 cikin juzu'i 20. A bugu na biyun, aikatau "set" shi ya fi kowace kalma tsawon bayani, domin an kawo masa ma'anoni kimanin 430, bayanin nasu kuma ya ci kalmomi wajen 60,000. Wannan "set" ba baƙo ba ne ga Bahaushe, don daga gare shi ne Hausa ta sami "saiti" da kuma aikatau "saita".

A shekarar 2000 aka fara fitar da gyararren bugu na uku kashi-kashi ta intanet. Masu aikin ba su fara daga harafin A ba, daga M suka fara. Da suka gyara "make" sai ta zarce "set", sannan a 2007 "put" ta zarce "make". A 2011 aka fitar da gyararren bayanin "run", wanda wani ma'aikacin ƙamusun mai suna Peter Gilliver ya shafe watanni tara yana aiki a kansa, aka sami ma'anoni 645 ga aikatau kaɗai, ban da inda kalmar ta zo a matsayin suna.

Ya kamata a yi hattara da wannan adadi ta fuska biyu. Ta farko, lokacin da "run" ta zarce sauran ba a riga an gyara bayanin "set" ba, saboda haka an gwada sabon aiki ne da tsoho. Ta biyu kuma, wadda ta fi muhimmanci ga wannan nazari, ita ce ma'anoni ba tumaki ba ne balle a tsaya a bakin garke a ƙirga su. Mai tsara ƙamus ne kan yanke shawarar inda ma'ana ɗaya ta ƙare wata ta fara. Ruwan da ke zuba daga famfo da majinar da ke zuba daga hanci, duk "run" Bature kan ce. Wani ƙamus zai haɗa su wuri guda, wani kuma ya raba su. Shi ya sa ƙamusun 'yan makaranta kan taƙaita ma'anonin zuwa 'yan kaɗan, ba tare da ya yi ƙarya ba. Abin da adadin 645 ke nunawa kawai shi ne faɗin filin da kalmar ta mamaye.

3.2 Asalin Kalmar

A Tsohon Ingilishi, wato wanda ake yi a Ingila kafin mamayar Normawa ta shekarar 1066, aikatau biyu ne suke wannan aiki. Na farko shi ne "rinnan", wanda kuma akan juya shi a ce "irnan". Aikatau ne ƙi-karɓau, ana amfani da shi ga mutum mai gudu da kuma ruwa mai kwarara. Na biyu shi ne "ærnan", wanda ke nufin sa wani abu gudu, musamman yin sukuwa a kan doki. Harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a wasu sassan Ingila shi ma yana da irin waɗannan tagwaye, wato "rinna" da "renna". Sannu a hankali sai duk suka narke suka zama kalma guda. Jamusanci kuwa, wanda ɗan'uwan Ingilishi ne, har yau yana riƙe da biyun: "rinnen" ga ruwa mai tsiyaya, "rennen" ga mutum mai gudu.

Ke nan tun daga tushe kalmar tana ɗauke da abubuwa uku: gudun mai rai, da kwararar ruwa, da kuma sa wani abu ya motsa. Kusan duk ma'anonin da suka zo daga baya rassa ne na ɗaya daga cikin ukun nan.

Abin sha'awa a nan shi ne Hausa ta bi akasin wannan hanya. Ingilishi ya tara aikatau daban-daban a siga ɗaya, ita kuwa Hausa ta ɗauki saiwa ɗaya, wato "gud-", ta fitar da sigogi da dama, kowace da aikinta. Bisa tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, ana iya ganin yadda ƙarshen aikatau ke sauya ma'anarsa:

1. Ɓarawo ya gudu.
2. Yaro ya gudo gida.
3. Ta guje wa mijinta.
4. A guji shan ruwan kududdufi.
5. Kogi yana gudana.
6. Hakimi ya gudanar da taro.

A misali na 2 wasalin "-o" ya nuna gudun ya nufo inda mai magana yake. A na 3 da na 4 an bar maganar ƙafa, an koma ga ƙauracewa. Na 5 shi ne takwaran "rinnan" ta fuskar ruwa, na 6 kuma, mai ɗafin "-ar", shi ne ya yi kusa da "ærnan". Saboda haka idan Bature ya ce "She runs a school", Bahaushe ya ce "Tana gudanar da makaranta", harsunan biyu sun bi tunani iri ɗaya ne ba tare da sun haɗa dangi ba: an ɗauki makarantar kamar ruwa, shugabar kuma ita ce mai gyara masa hanya don kada ya tsaya.

3.3 Inda "Run" da "Gudu" Suka Rabu

Duk da wannan kamanci, zuciyar kalmomin biyu ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne mafi yawan kurakuran fassara suke tasowa. Idan aka duba yadda Bahaushe ke amfani da "gudu", za a tarar abubuwa biyu ne a ransa, wato sauri da tsira. Akan ce direba ya cika gudu, akan ce ɗan gudun hijira, akan ce an yi abu don gudun ɓacin rai. Karin maganar nan da ke cewa "in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba" ita ma a kan tsoro da tsira aka gina ta. Ita kuwa "run", ko da yake tana ɗauke da sauri a wasu wurare, abin da ya fi ratsa ma'anoninta shi ne ci gaba da tafiya a kan hanya guda ba tare da yankewa ba. Dubi wannan misali:

7. The car is running.

Wanda ya fassara wannan da "Motar tana gudu" ya ba da labarin da bai faru ba. Mai yiwuwa motar tana tsaye cik a ƙofar gida, ba kowa a cikinta; abin da ake nufi shi ne an tayar da ita, injinta yana aiki. A ɗauka shaida ne ya faɗi wannan jimla a gaban alƙali a shari'ar haɗarin mota. Tsakanin "motar tana kunne" da "motar tana gudu" akwai tazarar da za ta iya wanke direba ko ta kai shi gidan yari. Haka nan idan aka juya, Bahaushe ya ce "Motar tana gudu", Bature ba zai yi amfani da "run" ba, sai ya nemi kalmar da ke nuna sauri kamar "speeding".

Wannan ma'ana ta rashin yankewa ita ce ta ba kalmar damar hawa kan abubuwan da ba su motsi ko kaɗan:

8. The road runs from Kano to Zaria.
9. The contract runs for two years.
10. Diabetes runs in the family.

Hanya ba ta zuwa ko'ina, idon mai kallo ne ke bin ta. Hausa ma tana ba hanya motsi, amma da wasu kalmomi: "Hanyar ta tashi daga Kano ta nufi Zariya." A misali na 9 an shimfiɗa lokaci kamar hanya, sai Hausa ta ce "Kwangilar ta shekara biyu ce." A na 10 kuwa zuriya ce aka ɗauka kamar kogi, cutar tana bin sa daga kakanni zuwa jikoki, inda Bahaushe zai ce "Ciwon sukari gadon gidansu ne." Babu ɗaya daga cikin ukun da "gudu" ko "gudana" za su zauna daram a cikinsa.

Ta fuskar ruwa ma, inda aka ga harsunan sun yi kusa, ba ko'ina "gudana" ke shiga ba. Kogi yana gudana, amma famfo zuba yake yi, hanci yana yoyo, hawaye suna kwarara, atamfar da rininta ke fita a wanki kuma cewa ake yi tana zuba. Duk waɗannan "run" ce a Ingilishi. Wuri guda da suka sake haɗuwa ba zato shi ne ɓacin ciki. Turawa kan kira shi "the runs" a maganar yau da kullum, a Ingilishin Nijeriya akan ce "running stomach", Bahaushe kuma ya ce gudawa. Amma idan ma'aikaciyar jinya ta ce yaro "is running a temperature", babu abin da ke zuba, jikinsa ne ya yi zafi.

3.4 Tasirin Aikau da Karɓau

Daga misalan da suka gabata za a fahimci cewa ba a cikin kalmar ake samun ma'anarta ba, a wurin maƙwabtanta ake samu. Idan "run" ta zo ba karɓau, aikau ne ke fayyace ta: mutum gudu yake yi, inji aiki, ruwa kwarara, jirgin ƙasa kuma zirga-zirga a kan lokutan da aka tsara masa. Idan kuwa ta ɗauki karɓau, to shi ne mai hukunci. Jarida idan ta yi "run" da labari, buga shi ta yi. Likita idan ya yi da gwaji, gwajin ya yi. Mai kwamfuta idan ya yi da manhaja, sa ta aiki ya yi. "Run errands" zuwa aike ne, "run a risk" yin kasada ne, "run guns" fasa-ƙwaurin makamai ne, "run a red light" kuma keta danja ne.

Wannan hali ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin haka "ci" take. Akan ci tuwo, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci jarrabawa, a ci amana, a ci sarauta, wuta kuma ta ci gida. Ba Bahaushen da ke jin "ya ci amanata" ya tuna da baki ko haƙori. Bambancin kawai shi ne, Bahaushe ya tashi da "ci" a cikin jimloli, ita kuwa "run" a allo ya gamu da ita, tsirara, da fassara guda a gabanta.

3.5 Ƙananan Kalmomin da ke Biyo Ta

Wani babban kaso na ma'anonin yana fitowa ne daga ƙananan kalmomi irin su "out", "into", "over", "down" da "up", waɗanda kan manne wa aikatau su ba shi sabuwar ma'ana. Wasu suna da sauƙi, kamar "run away", wadda ita ce ainihin takwarar "gudu" ta Hausa a ma'anar tsira, da "run after", wato bi da gudu. Wasu kuwa harshen damo gare su. "Run into" tana iya zama karo, kamar mota ta afka wa bango, tana kuma iya zama kiciɓis da wani tsohon aboki a kasuwa. "Run over" tana nufin mota ta take mutum, ko tulu ya cika ya tumbatsa, ko taro ya zarce lokacin da aka yanka masa. "Run down" tana iya nufin bankewa da mota, ko kushe mutum a bayan idonsa, ko batir ya yi sanyi. Jimlar "He ran down his neighbour" ita kaɗai ba ta isa a san ko maƙwabcin yana asibiti ba ne ko kuwa sunansa kawai aka ɓata. Sai an duba abin da ya gabace ta.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce "run out", domin fassararta tana tilasta a sauya ginin jimlar gaba ɗaya:

11. We ran out of fuel.
12. Mai ya ƙare mana.

A jimlar Ingilishi mutanen ne aikau, man kuma ya zo daga baya. A ta Hausa man ne aikau, mutanen kuma su ne abin ya faɗa wa, shi ya sa suka koma "mana". Mai fassarar da ya nace sai ya fara da "mun" zai ƙare da jimla irin "Mun gudu daga mai", wadda ba ta da ma'ana, ko kuma "Mun ƙarar da mai", wadda ke da ma'ana amma ta ɗora wa mutanen laifin da jimlar asali ba ta ɗora musu ba. Kuskure na biyun ya fi haɗari, saboda mai sauraro ba zai ji wani abu ya yi masa karo a kunne ba balle ya yi tambaya.

3.6 "Run" a Harshen Siyasa da Kuɗi

A labaran siyasa kalmar tana yawan fitowa, kuma a nan Turawan kansu sun rabu. Amurkawa kan ce ɗan siyasa "runs for office", domin sun ɗauki zaɓe kamar tsere. Mutanen Birtaniya kuwa a al'adance "stand" suke cewa, ko da yake salon Amurka ya shiga bakinsu su ma. Hausa ta yi daidai da na Birtaniya, don cewa ake yi mutum ya tsaya takara. Ke nan inda Ba'amurke ya ga gudu, Bahaushe tsayuwa ya gani. Daga wannan hoto na tsere aka sami "running mate", wato wanda ɗan takara ya ɗauka ya zama mataimakinsa, da "front-runner", wanda ke kan gaba, da "runner-up", wanda ya zo na biyu.

Akwai kalmomi biyu a wannan fage da ake yawan cakuɗawa, wato "run-off" da "rerun", alhali a shari'a hanyar jirgi daban ta mota daban. "Run-off" zagaye na biyu ne. Zaɓen farko yana nan da ingancinsa, sai dai ba wanda ya cika sharaɗin cin zaɓe, saboda haka akan sake karawa tsakanin 'yan takara biyu. Irin wannan aka yi a Jamhuriyar Nijar a watan Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma ya tanadi haka idan ba a sami ɗan takarar shugaban ƙasa da ya fi yawan ƙuri'u, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi ba. Shi kuwa "rerun" sake zaɓe ne bayan an soke na farko, kamar yadda ya faru a Kenya a 2017, inda kotun ƙoli ta rushe zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta aka sake wani a watan Oktoba. Idan mai fassara ya kira zagaye na biyu da "sake zaɓe", ya sa mai sauraro zaton an yi maguɗi ko an soke sakamako, kuma a lokacin zaɓe irin wannan zato ba ƙaramin abu ba ne.

A matsayinta na suna ma kalmar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A wasan kurket "run" maki ne, a maɗaba'a adadin kwafin da aka buga a karo guda ne, "in the long run" kuma na nufin idan tafiya ta yi nisa. A harkar banki akwai "a run on the bank", wanda mai riƙe da fassarar allo zai iya ɗauka gudu ne daga banki, ko ma fashi. Abin da ake nufi shi ne masu ajiya su yi rububin zuwa cire kuɗinsu a lokaci guda saboda jin cewa bankin na shirin durƙushewa. Da yake banki ba ya ajiye duk kuɗin jama'a a hannu, yakan ba da mafi yawansu rance, irin wannan rububi kan iya kayar da shi ko da ƙalau yake tun farko. Haka aka gani a Birtaniya a watan Satumbar 2007, lokacin da jama'a suka yi dogayen layuka a rassan bankin Northern Rock, har gwamnati ta fito ta lamunce wa masu ajiya kuɗinsu, daga baya kuma ta karɓe bankin a 2008. A wannan ma'ana tsoron da ke cikin "gudu" ta Hausa yana nan, amma alkiblar ta juya: mutanen ba bankin suke guje wa ba, wurinsa suke rugawa. Fassarar da ta dace ita ce "rububin cire kuɗi daga banki".